Gidajen Lamu da Darasin Adon Gida

Wani abokina da ke gini a bayan garin Kano ya taɓa nuna mini hotunan irin gidan da yake sha'awa a wayarsa. Bango mai launin yashi, azara baƙa a rufin ɗaki, ƙofar katako mai sassaƙa, gado mai gidan sauro fari sol, ga tabarmi shimfiɗe a ƙasa, ga teku ana hangowa ta taga. Ya ce irin wannan ado ake yayi yanzu a duniya, salon gidajen shaƙatawa na bakin teku, kuma shi yake so mai shafe da kafinta su fitar masa. Da na duba rubutun da ke ƙarƙashin hotunan sai na ga yawancinsu a wuri guda aka ɗauke su, wato tsibirin Lamu da ke gaɓar tekun Indiya a ƙasar Kenya. Allah da ikonSa, bayan wani lokaci tafiya ta kai ni Mombasa, na ga bai kamata in dawo gida ban leƙa tsibirin nan ba, tunda Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Daga Mombasa zuwa Lamu tafiyar kimanin kilomita 340 ce a mota, amma ni ƙaramin jirgin sama na hau. Filin jirgin yana kan wani tsibiri da ke maƙwabtaka, mai suna Manda, don haka duk wanda ya sauka sai ya shiga kwalekwale ya ƙetare mashigin ruwan da ya raba tsibiran biyu. Tun daga tsakiyar ruwa ake hango garin: jerin gidaje farare da wasu da suka yi dushi-dushi saboda tsufa, sama da su jinkar ganyen kwakwa, gabansu kuma jiragen katako masu tafiya da iska suna lilo a kan ruwa. Da muka sauka, jakuna ne suka fara tarbar mu. Lungunan garin ba sa ɗaukar mota, wasu ma idan jaki mai kaya ya taho sai mutum ya manne da bango. Babura sun shigo a 'yan shekarun nan, amma har yanzu jaki ne ke dakon yashi da dutse da buhun shinkafa zuwa cikin unguwanni.

Lamu tsohon garin Musulunci ne na al'ummar Sawahili. Fiye da shekara 700 ke nan mutane na zaune a cikinsa ba tare da ya taɓa zama kufai ba, kuma a shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Iska ce ta gina arzikinsa. Daga wajen watan Disamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi takan kaɗo daga arewa maso gabas, ta kawo jiragen fatake daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya. Idan ta juya ta zama kusi, sai jiragen su koma ɗauke da hauren giwa da hatsi da itacen gini. Akwai kuma ɓangaren tarihin da bai kamata a ɓoye ba: gonakin attajiran garin da ke ƙetaren ruwa bayi ne suke noma su, kuma da aka haramta bauta a wannan gaɓa a 1907, arzikin manyan gidajen ya ja baya ƙwarai. Talaucin da ya biyo baya na cikin dalilan da suka sa gidajen suka tsira, domin ba a sami kuɗin rushe su a gina na zamani ba.

Na sauka a wani tsohon gida da aka mayar masauki, ba nisa da sansanin tsaron garin da aka gina tsakanin 1813 da 1821. Washegari wani dattijo magini, wanda mai masaukin ya haɗa ni da shi, ya zaga da ni cikin wasu gidaje, har da wanda hukumar gidajen tarihi ta Kenya ta mayar gidan kallo domin a ga yadda attajirin Lamu yake zaune a ƙarni na 18. Da ɗan gari akan ci gari. Larabcinsa da nawa duk gurguwa ne, amma da taimakon wani matashi mai tafinta mun fahimci juna.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gidan Lamu ba ya nuna kansa ga mai wucewa. Daga waje dogon bango ne kawai, kusan babu taga. Ado guda da ke fuskantar titi shi ne ƙofa, tare da wata 'yar rumfa ta gini da ke gabanta, mai dakali hagu da dama, wadda suke kira daka. Nan maigida yake karɓar baƙi maza, nan ake ciniki da hira da shan gahawa. Baƙo yakan tsaya ya ce hodi, wato sallamarsu ta neman izini, ya jira a ce masa karibu. Ban buƙaci tafinta a nan ba, domin aikin zaure ne sak, sai dai namu ɗaki ne sukutum, nasu kuwa buɗaɗɗe ne saboda a sha iska.

Ita ƙofar gamɓu biyu ce, da ginshiƙi a tsakiya wanda aka sassaƙa da zanen ganye da furanni da sarƙa, a samanta kuma sau da yawa akan rubuta ayar Alƙur'ani ko shekarar da aka yi ta. Cikin katakon da suke amfani da shi akwai mbambakofi, ɗan'uwan itacen kawo da muka sani, mai nauyi da jure gara. Na tambayi dattijon dalilin da ya sa ba a ganin ƙofar ƙarfe a tsofaffin gidajen. Ya yi murmushi ya nuna mini wani makullin zamani da tsatsa ta cinye. Iskar teku gishiri gare ta, ƙarfe ba ya daɗewa, shi ya sa aka dogara da katako da tagulla.

Idan aka wuce ƙofa, ba a faɗawa cikin gida kai tsaye. Akwai 'yar kwana da ke tsare ido, sannan a fito tsakar gida, wadda suke kira kiwanda. Daga nan haske da iska suke shiga, tunda bangon waje a rufe yake. Bayan tsakar gidan sai ɗakuna dogaye a jere, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗara na gabansa tudu da taki guda, kuma duk wanda aka shiga ya fi na baya duhu da sanyi da sirri. Babu ƙyaure tsakaninsu, manyan ƙofofi ne a buɗe, sai labule idan an so. Yawancin gidajen arewa suke fuskanta, inda alƙiblarsu take, inda kuma iskar kaskazi take fitowa a lokacin da zafi ya fi tsanani.

Na lura ɗakunan suna da tsawo, amma faɗinsu bai cika wuce mita 3 ba. Dalilin yana sama da kaina. Azararsu, wadda suke kira boriti, daga wani itace ake sarowa mai tsirowa cikin ruwan gishiri a gefen tsibiran, sunansa mkoko. Gara ba ta cinsa da sauƙi, amma tsawonsa yana da iyaka, kuma a kansa ake ɗora rufin dutse mai nauyi. Saboda haka itacen ne ya yanke wa ɗakin faɗinsa. Wannan azara ta daɗe tana cikin manyan hajojin Lamu, har a biranen gaɓar tekun Fasha an yi rufi da ita, kafin gwamnatin Kenya ta hana fitar da ita waje a 1982 saboda dazukan sun fara ƙarewa. A gidajen masu hali akan sa azarar katako da aka feƙe, a shafa mata ja da baƙi. Duk maginin gargajiya na Kano ko Zariya zai gane wannan lissafi, domin shi ma tsawon azarar giginya ne ya sa ya ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don ya faɗaɗa soro.

Bangon kuwa da dutsen murjani ake gina shi, wato dutsen nan mai ramuka da wasu ƙananan halittu ke tarawa a ƙarƙashin teku. Kaurinsa yakan kai santimita 40 zuwa 60. Iri biyu ne: akwai busasshe da ake haƙowa a tudu, musamman a tsibirin Manda, shi ake gini da shi, akwai kuma wanda ake yankowa daga cikin ruwa yana da taushi, a sassaƙa shi tun yana ɗanye don adon mihirabi da bakin ƙofa, idan ya sha iska ya taurare. Daga wannan dutse dai ake samun farar ƙasar da ake kwaɓi da shafe da ita. Ana tara shi a kan itace a ƙona, a jiƙa da ruwa, a bar shi ya daɗe yana nuna kafin a taɓa. Shafen ƙarshe ana goge shi da hannu har ya yi santsi da ɗan sheƙi. Launin nan mai daɗin ido da abokina ya gani a hoto, tsakanin fari da ruwan ƙasa, ba daga gwangwanin fenti ya fito ba. Farar ƙasa ce da yashin wurin, sai hayaƙin fitila da turare da hannayen mutane da suka yi shekaru suna shafar bangon.

Dattijon ya kai ni wani lungu ya nuna mini gidan da aka yi wa gyara da siminti. Shafen ya kumbura ya ɓaɓɓako, dutsen da ke ƙarƙashinsa yana marmashewa kamar gari. Ya bayyana mini cewa farar ƙasa tana barin danshi da gishiri su fita daga bango, siminti kuwa yana kulle su a ciki har su ci ginin. Nan take na tuna da tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni da aka lulluɓe da siminti don a zamanantar da su, bayan damina biyu ko uku shafen ya rabu da bangon ya faɗo da rabinsa.

Ɗakin da ya fi kowanne ado shi ne na can ciki, wanda suke kira ndani, ɗakin uwargida. Bangonsa na ƙarshe cike yake da alkukai ƙanana, jeri bisa jeri, an sassaƙa su cikin farar ƙasa da bakuna masu lanƙwasa. Sunansu zidaka. A cikinsu ake jera tangaran na ƙasar Sin da kwalaben turare da littattafan addini. Suna ƙara wa ƙuntataccen ɗaki zurfi a ido, kuma a gabansu ake zaunar da amarya a nuna ta ga mata 'yan'uwa. Na daɗe a tsaye a wurin, domin ɗakin kakata ne ya faɗo mini a rai, da jerenta na tasoshi da kwanonin sha da fanteka tun daga ƙasa har rufi. Nisa mai yawa ya raba mu, amma hikimar ɗaya ce: dukiyar mace tana bangon ɗakinta, kowane kwano da labarin wanda ya kawo shi da ranar da aka kawo shi.

Kayan ɗakin ba su da yawa. Akwai gado mai tsawo wanda sai da 'yar kujera ake hawa, an yi shi haka don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Akwai gadon igiya mara nauyi da ake fitarwa tsakar gida. Akwai akwatin katako mai ƙusoshin tagulla, da tabarmin kaba masu launi, da kujerar alfarma da suke kira kiti cha enzi, ta baƙin katako da aka yi wa ado da ƙashi ko hauren giwa, mazauninta da majinginarta saƙar zare ce don kada gumi ya dami mai zama. Ko banɗaki an yi masa tunani: akwai ƙaramin tafki na gini da ake tara ruwa, a saka 'yan kifaye su cinye tsutsar sauro, a kafa farantin tangaran a ƙasansa inda kifin zai fake idan ruwa ya ja baya. Da yamma mata kan turara ɗaki da udi, irin turaren wutarmu, su watsa furen yasmin a kan shimfiɗa. A saman bene kuma akwai rumfar makuti, jinkar ganyen kwakwa, inda ake girki da shan iska. Na nemi abu guda da aka ajiye don kallo kawai, wanda ba ya wani aiki, ban samu ba sai tangaran, shi ma ajiyar dukiya ne.

A rana ta uku na bi gaɓar ruwa da ƙafa zuwa ƙauyen Shela, kimanin kilomita 3 kudu da garin. A nan aka gwabza yaƙin da mutanen Lamu suka fatattaki rundunar Pate da Mombasa a farkon ƙarni na 19, kuma hasumiyar masallacin Juma'arsa ta 1829 tana nan tsaye. Bayan ƙauyen tuddan yashi ne da suka miƙe kimanin kilomita 12 a bakin teku, kuma a ƙarƙashinsu ruwan shan tsibirin yake kwance. Shela ce ainihin inda hotunan abokina suka fito. Tun da aka buɗe otal ɗin Peponi a 1967 Turawa suka fara sanin wurin, daga baya attajirai da 'ya'yan sarautar Turai suka riƙa sayen kangaye da filaye suna gina gidajen hutu.

Gaskiya gidajen sun yi kyau, kuma ba zan hana su haƙƙinsu ba. Sun raya sana'o'in da suka kusa mutuwa: masu shafen farar ƙasa da masassaƙa ƙofa da masu saƙar makuti sun sami aiki, matasa sun koma koyon abin da kakanninsu suka iya. Sai dai an juya gidan ciki ya koma waje. Gidan Lamu na asali yana kallon tsakar gidansa ne, yana tsare mutuncin iyali; na Shela yana kallon teku, da manyan tagogi da baranda da wurin ninƙaya. Alkukan da ke ɗakin uwargida sun fito falo, an jera musu kwalliyar da aka sayo rana ɗaya. Dakalin ƙofar gida yana nan, amma ba kowa a kansa, domin masu gidan sai ƙarshen shekara suke zuwa su yi 'yan makonni. Farashin fili ya tashi har ɗan asalin ƙauyen ba ya iya saye kusa da gidan ubansa, da yawa sun sayar sun koma bayan gari cikin gidajen bulo da kwano. Ga kuma ruwan da wuraren ninƙaya ke sha a tsibirin da rijiyoyinsa suka dogara da tuddan yashi. Wanda ya ga hoto ba zai ga wannan ba.

Da daddare na koma cikin gari na yi sallar isha'i a masallacin Riyadha, wanda Habib Saleh ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, inda har yau ake taron Mauludin da ke jawo jama'a daga ko'ina a gabashin Afirka. Bayan an idar na biyo lungu, na tarar da dattawa a kan dakalan ƙofar gida, yara na wasa a gabansu, ƙamshin shinkafa da madarar kwakwa na fitowa daga ciki. Waɗannan gidaje ba su kai na Shela tsafta da sheƙi ba, wasu ma bangonsu ya tsage, amma a nan na ji abin da masu tallar gidaje suke nufi idan suka ce gida yana da ɗumi. Mutanen da ke cikinsa ne, da kayan da suka tsufa a hannunsu.

Da na dawo na faɗa wa abokina abin da na gani, kuma shi nake so in faɗa wa mai karatu. Ba laifi ba ne mutum ya ga abu mai kyau a wata ƙasa ya yi sha'awa. Mutanen Lamu kansu daga Indiya da Oman da Sin suka aro abubuwa da dama. Amma sun tace abin da suka aro da yanayin ƙasarsu. Lamu wuri ne mai danshi da iskar teku, shi ya sa ake barin ɗaki a buɗe ba ƙyaure. Mu kuwa muna da hunturu da ƙurarsa, da zafin bazara mai ƙuna, da sanyin asuba. Wanda ya kwafo buɗaɗɗen ɗakin Shela ya kawo Kano zai kwana yana shara, jinkar kwakwa kuma ba za ta ga damina biyu a nan ba, ko da an same ta. Idan kuma aka yi bangon bulo siriri aka shafa masa fenti mai launin yashi, aka manna katakon ƙarya a silin don ya yi kama da azara, to an sami hoton, amma ɗakin zai ci gaba da zama tanda har sai an tayar da janareta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya cancanci a ɗauko daga Lamu shi ne tambayoyin da magininsu yake yi kafin ya aza tubali: daga ina iska take zuwa, ina rana take faɗuwa, wane abu ne ƙasar nan take bayarwa, ina baƙo zai tsaya, ina iyali za su sake. Amsoshinmu suna nan a gabanmu. Muna da bango mai kauri na tubali da ke riƙe sanyin dare har azahar. Muna da makuba da ke ba bango launin ja mai duhu ta kuma kare shi daga ruwa, da zanen bango irin na Zariya da Damagaram, da alkuki, da dakali, da tsakar gida mai bishiya. Muna da tabarmar kaba da fatun Sakkwato da saƙi da rinin Ƙofar Mata da ƙoren da aka yi wa zane da tukwanen ƙasa. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ko tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ya san ba sai an je bakin teku ake samun ɗaki mai sanyi da kwarjini ba. Tsohon garin Agadas ma, da ginin ƙasa ya shiga jerin UNESCO a 2013.

Akwai kuma gargaɗi a labarin Shela. Mutanen wurin ba su san darajar kangayensu ba sai da baƙo ya zo ya saya, lokacin kuwa farashi ya fi ƙarfinsu. Mu ma kullum ana rushe tsofaffin soraye a cikin biranenmu ana kafa shaguna, magina masu sanin bakan gizo suna tsufa ba magada. Idan muka yi sake, wata rana jikokinmu za su ga zanen gidan kakanninsu a mujallar wata ƙasa, su biya kuɗi mai yawa a kwaikwaya musu shi da siminti.

Abokina bai fasa gininsa na bulo ba, domin aiki ya riga ya yi nisa. Amma ya ƙara kaurin bangon yamma, ya bar fili a tsakiya ya dasa darbejiya, ya sa an fitar masa da zaure mai dakali, kuma ya nemo wani tsohon magini daga cikin birni ya yi masa alkukai a ɗakin maiɗakinsa. Ranar da na je gani, na tarar tana jera tasoshin da ta gada daga mahaifiyarta, waɗanda suka yi shekaru a cikin buhu a ɗakin ajiya. Allah Ya sa mu san darajar abin da ke hannunmu tun yana hannunmu.